Doka da Jama'a: Wanda ya amsa laifi, ya rufe ƙofar ɗaukaka ƙara ke nan?

A wannan mako filin Doka da Jama'a zai tsaya kan wata magana wadda ta shafi fatake da direbobi da masu zuwa biɗa na ƙasar Adar, musamman mutanen Barmu da kewaye, waɗanda da zarar an killace amfanin gona sai su kama hanya, wasu Sakkwato da Kano da Legas, wasu Abijan, wasu kuma Agadas har Libiya. Maganar kuwa ita ce ta cinikin amsa laifi a shara'ar miyagun ƙwayoyi, da sharaɗin da kan biyo bayansa, wato mutum ya yarda cewa ba zai ɗaukaka ƙara ba bayan an yanke masa hukunci.

Sanin kowa ne cewa ɗaukar saƙo tsohuwar al'ada ce a Adar. Ba a raba matafiyi da kwalin wani, ko buhun wani, ko ƙullin da aka ce ya kai wa tsohuwar wane a ƙauye, kuma kunya ba ta barin mutum ya kwance kayan da ɗan garinsu ya damƙa masa. To amma hanyoyin da albasar Galmi da shanu da atamfa ke bi, su ne kuma tramol da wiwi da hodar iblis ke bi. A watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai. A watan Janairu na 2022 an kama kilo 214 na hodar iblis cikin motar magajin garin Fashi a jahar Agadas. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wannan fage ya lissafa cewa hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel, wadda ba ta wuce kimanin kilo 13 a shekara ba tsakanin 2015 da 2020, ta kai kilo 1,466 a shekarar 2022. Saboda haka bincike ya tsananta a shingaye, kuma wanda aka tarar da kaya a hannunsa shi ake fara riƙewa, ko nasa ne ko ba nasa ba.

Mene ne cinikin amsa laifi?

Bisa ƙa'ida, wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Mai shigar da ƙara na gwamnati shi ke da nauyin kawo hujja, ya kira shaidu, ya nuna sakamakon gwajin kayan da aka kama, alƙali ya auna, sannan ya yanke hukunci. Wannan aiki yana cin lokaci da kuɗɗi. Shi ya sa wasu ƙasashe suka buɗe gajeruwar hanya: mai shigar da ƙara ya ce wa wanda ake tuhuma, in ya amsa laifi za a rage masa tuhuma ko a nemar masa sassauci, ba sai an kira shaidu ba. Kowa ya sami wani abu. Gwamnati ta huta da wahalar kawo hujja, shi kuma ya san iyakar shekarun da zai yi.

Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san cewa a ciniki ba farashi kaɗai ake dubawa ba, har da sharaɗin mayar da kaya in an tarar da aibi. A shara'a, ɗaukaka ƙara ita ce mayar da kaya. Ita ce damar da mutum ke da ita ya je gaban alƙalan da ke sama ya ce an yi kuskure, ko a wajen fahimtar doka, ko a wajen lissafin hukunci, ko kuwa an tilasta masa ya faɗi abin da bai aikata ba. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, Najeriya kuma a 1993, ta tanadi wannan haƙƙi a aya ta 14. Wannan aya ce kuma ta ce a ba wanda ba ya jin harshen kotu tafinta kyauta, kuma kada a tilasta wa kowa ya amsa laifi.

Abin da ke jiran matafiyi a ƙetaren Ƙwanni

Daga Birnin Ƙwanni in an taka Illela an shiga ƙarƙashin wata doka dabam. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kama masu ƙwaya a Najeriya, kuma babbar kotun tarayya ke sauraren ƙararrakinta, a Sakkwato ne ko Kano ko Legas. Dokar hukumar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar iblis da makamantanta, ko mai safararsu, ko mai sayarwa, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su a hannunsa da saninsa. Mutumin da aka karanta wa waɗannan shekaru, sannan aka raɗa masa cewa in ya amsa laifi zai yi biyu ko uku, ba ya bukatar dogon lallashi.

Ƴan Najeriya sun fara sanin wannan ciniki ne ta kan manya. A 2005 tsohon sufeto janar na ƴan sanda Tafa Balogun ya amsa laifi a shara'ar almundahana, aka yanke masa wata shida. A 2010 Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar wani babban banki, ita ma ta sami wata shida tare da sallama dukiya mai ɗimbin yawa. Jahar Legas ta sa tsarin cikin dokarta a 2007, sannan a watan Mayu na 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar gudanar da shara'ar laifuffuka ta tarayya, wadda sashe na 270 nata ya shimfiɗa ƙa'idojin cinikin.

Sashen yana da kariya wadda ya kamata kowane matafiyi ya haddace. Dole yarjejeniyar ta kasance a rubuce, da hannun mai shigar da ƙara, da na wanda ake tuhuma, da na lauyansa, da na tafinta in an yi aiki da shi. Alƙali ba ya shiga cikin cinikin. In an kawo takardar gabansa, wajibi ne ya tambayi mutumin ko ya amsa abin da ke ciki, kuma ko da son ransa ya yi ba tare da matsi ba. In alƙali ya ga hukuncin da aka shirya ya yi kaɗan, yana so ya ƙara, sai ya faɗa wa mutumin, shi kuma yana da ikon janye amsarsa a sake shara'a gaban wani alƙali, ba tare da an ambaci yarjejeniyar ba.

To amma a ƙarshen sashen, ƙaramin sashe na 18 ya ce hukuncin da ya fito daga irin wannan yarjejeniya ya zama na ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara a kowace kotu, sai fa in ana zargin an yi zamba. A nan ba sai an rubuta wa mutum sharaɗin ba, dokar ce da kanta ta rufe ƙofar. Lauyoyi sun yi ta jayayya a kan haka, domin sashe na 241 na kundin tsarin mulkin ƙasar na 1999 ya ba kowa ikon ɗaukaka ƙara daga hukuncin ƙarshe na babbar kotu. A shara'ar Iboyi Kelly, wadda aka wallafa a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta Najeriya ta ce wannan ƙaramin sashe ya ci karo da kundin tsarin mulki, saboda haka ba shi da ƙarfi. Ƙofar ta sake buɗewa ke nan, kuma wa'adin shiga ta kwana 90 ne. Duk da haka mai karatu ya lura: wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce shi ya aikata, kuma ba wanda ya matsa masa, ya riga ya ƙone yawancin hujjojin da zai hau sama da su.

Darasi daga Amurka

Ƙasar da wannan ciniki ya fi kafuwa ita ce Amurka. A 2012 kotun ƙolin ƙasar ta ambaci cewa kashi 97 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a kotunan jahohi, daga amsa laifi suke fitowa. Shara'ar da ake gani a silima, da shaidu da mahawarar lauyoyi, ita ce ƴar kaɗan.

Abin da ya ba masu shigar da ƙara wannan ƙarfi shi ne tsananin hukunci. Tun a 1978 kotun ƙoli ta halatta musu yin barazana da tuhuma mafi nauyi, a shara'ar wani Paul Hayes na jahar Kentaki, wanda aka tuhuma da cakin jabu na dalar Amurka 88 da ƴan kai. An yi masa tayin shekara biyar ya ƙi, aka haɗa masa da tsoffin laifuffukansa, ya ƙare da ɗaurin rai da rai. Sannan dokar ƙwayoyi ta 1986 ta sa mafi ƙarancin hukuncin da alƙali ba shi da ikon saukowa ƙasa da shi: shekara biyar ga giram 5 na dunƙulalliyar hodar iblis, wadda talakkawa suka fi sha, alhali garin hodar sai ya kai giram 500 kafin a kai wannan hukunci. Sai a 2010 aka rage wannan rata daga ninki 100 zuwa ninki 18.

Cikin wannan hali ne masu shigar da ƙara suka shiga rubuta sharaɗin barin ɗaukaka ƙara a takardun yarjejeniya. Wani bincike da aka wallafa a 2005, wanda ya duba kusan shara'o'in tarayya dubu, ya tarar da sharaɗin a kusan kashi biyu cikin uku na yarjejeniyoyin. Kotuna sun amince da shi matuƙar mutum ya sa hannu da saninsa da son ransa, kuma tun 1999 ƙa'idar kotunan tarayya ta wajabta wa alƙali ya bayyana wa mutum ma'anar sharaɗin baki da baki.

Sannu a hankali aka gane cewa abin ya wuce gona da iri. Akwai takardun da ke sa mutum ya yafe har ƙorafin da zai yi kan lauyansa, alhali lauyan nan shi ne ya ba shi shawarar sa hannu. A watan Oktoba na 2014 ma'aikatar shara'ar ƙasar ta umarci masu shigar da ƙara na tarayya su bar neman wannan. A watan Fabrairu na 2019 kuma kotun ƙoli ta yanke hukunci kan Gilberto Garza na jahar Aidaho, wanda ya amsa laifuffuka biyu, ɗaya daga ciki na riƙe ƙwaya da niyyar rarrabawa, ya kuma sa hannu a sharaɗin. Ya yi ta roƙon lauyansa ya ɗaukaka ƙara, lauyan ya ƙi saboda sharaɗin, har wa'adi ya wuce. Kotun ta ce lauyan ya gaza, domin babu sharaɗin da ke toshe kowace ƙofa, kuma ko yaushe mutum yana iya ƙalubalantar ko sa hannun nasa da son rai ne.

Hujjar masu goyon baya, da inda ta rage

Masu goyon bayan tsarin suna da magana mai nauyi. Kotuna sun cika, gidajen kaso sun cika, kuma a ƙasashen yankin nan da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shara'a suke yi. Mutumin da zai shekara biyu yana jira kan laifin da hukuncinsa bai wuce shekara guda ba, amsa laifi rahama ce gare shi. Har ila yau sassauci shi ne abin da ke sa ƙaramin ɗan saƙo ya nuna mai kayan. Suna kuma cewa in gwamnati ta rage wa mutum shekaru domin a gama magana, sannan ya juya ya ɗaukaka ƙara, to ya ci riba biyu, ita kuwa ta tashi a tutar babu.

Gaskiya ne. Amma akwai abubuwa uku da wannan hujja ba ta amsa ba. Na farko, mutum yana sa hannu ne kafin a yanke hukunci, wato yana yafe kuskuren da ba a riga an yi ba, wanda bai san girmansa ba. Ba ɗan kasuwar da zai biya kuɗɗin buhu a ɗaure, ya kuma rantse ba zai dawo ba ko tsakuwa ya tarar a ciki.

Na biyu, marar laifi ma yana amsa laifi in tsoro ya kai masa. A jahar Masacusets ta Amurka an gano a 2012 cewa wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Annie Dookhan, ta daɗe tana rubuta cewa kaya ƙwaya ne ba tare da ta gwada su yadda ya kamata ba. A 2017 aka soke shara'o'i fiye da 21,000 waɗanda aikinta ya shafa, kuma da yawa daga cikin mutanen amsa laifi suka yi saboda an nuna musu takardar gwajinta. In haka ta faru a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji barkatai, mai karatu ya auna halin baƙon da ba shi da lauya, wanda ba ya karanta Turanci.

Na uku, kotun sama ita ce idon da ke kallon aikin ƴan sanda da na ƙananan kotuna. In ƙararraki ba su hawa, ba wanda zai ga inda aka doki mutum kafin ya yi magana, ko inda awon kaya ya ƙaru tsakanin shinge da kotu. Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya tun da daɗewa sun tattauna kan iƙirarin da aka karɓa da tilas, kuma sanannen abu ne a wasiƙar Sayyadina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari cewa an hori alƙali ya koma ga gaskiya in ya gane hukuncinsa na jiya kuskure ne.

Faransa ta ɗauki wata hanya. Dokar 9 ga Maris 2004 ta shigo da gurfana bisa amsa laifi, amma da sharuɗɗa: dole lauya ya kasance, mutum ba shi da ikon cewa ba ya so, yana iya neman kwana 10 ya yi shawara kafin ya amsa tayin, sai alƙali ya amince, bayan haka kuma yana da kwana 10 na ɗaukaka ƙara. Ƙasar Kodibuwa, inda Adarawa suke da yawa, ta sa irin wannan tsari cikin sabuwar dokarta ta 2018. Wannan ya nuna ana iya gaggauta shara'a ba tare da an karɓe wa mutum ƙofar ƙarshe ba.

A gida, kwana goma ne

A Nijar, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ita ce mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999. Tsarin gudanar da shara'ar laifi kuwa ya samo asali daga dokar 14 ga Agusta 1961, wadda aka gina bisa ta Faransa, ta kuma ba wanda aka yanke wa hukunci a gabansa kwana 10 ya ɗaukaka ƙara. Ana faɗa wa magatakardan kotun da ta yi hukuncin ya rubuta, wanda ke tsare kuma yana bi ta hannun shugaban gidan kaso. A da, mutumin Barmu sai ƙararsa ta je Yamai, yanzu kuwa akwai kotun ɗaukaka ƙara a Tawa.

A nan mutane da dama ba takarda ce ke raba su da wannan haƙƙi ba. Shiru ne da jinkiri. Kafin labari ya kai ƙauye, a tara dangi, a sayar da akuya ko a jira saƙon ɗan'uwa daga Abijan, kwana goma sun shuɗe. Wani lokaci kuma dillalan shara'a, waɗanda ba alƙalai ba ne ba lauyoyi ba, su ke karɓar jikkunan iyali da alkawarin za su gyara magana ta bayan gida, su ce kada a ɗaukaka ƙara don kada a fusata manya. Wa'adi na wucewa sai a neme su a rasa. Alhali tun 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali da shawara da lauya, kuma tambayar ofishinta a kotun Tawa ba ta cin ko dala.

Ya kamata kuma a faɗi ɗaya gefen. Ɗaukaka ƙara ba wasa ba ce, domin in mutum ya ɗaukaka, mai shigar da ƙara shi ma yana iya ɗaukakawa, kuma a sa'an nan hukunci yana iya ƙaruwa. Shi ya sa shawarar ta lauya ce, kuma cikin wa'adi ake yin ta.

Ga ma'aikacin gwamnati, hukuncin laifi bai ƙarewa ranar da aka buɗe masa ƙofar kaso. Yana shiga takardar shaidar kotu wadda ake nema wajen jarrabawar ɗaukar aiki da tsayawa takara, yana kuma iya cin aikinsa. Ga falke, mota da kaya suna iya salwanta, baƙo kuma ana iya korarsa daga ƙasar da ya shekara ashirin yana nema a cikinta. Wata shida da aka yi wa mutum tayi yana iya zama wata shida a kaso da sauran rayuwa a waje.

Saboda haka nasihar filin ga matafiya ita ce: kada mutum ya ɗauki saƙon da bai ga cikinsa ba, ko na wane ne, kuma mai saƙon kirki ba ya jin haushin a kwance a gabansa. In tsautsayi ya faɗa, kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a fassara masa da Hausa ba. Ya nemi lauya, ya tambaya ƙarara ko takardar ta taɓa ɗaukaka ƙara. In alƙali ya tambaye shi ko an matsa masa, ya faɗi gaskiya a lokacin, domin abin da ya faɗa nan shi za a rubuta. Ranar da aka yi hukunci kuma ya tambayi magatakarda kwana nawa gare shi, iyali su fara ƙidaya daga ranar.

Ga masu tsara doka kuwa, duk sa'ad da ake shawarar hanyoyin rage cunkoson kotuna, abubuwa uku bai kamata a yi cinikinsu ba: lauya, da tafinta, da ikon zuwa kotun sama. Wanda ya sayar da guba ga ƴaƴan mutane ya cancanci hukunci mai tsanani, kuma iyayen da tramol ya lalata wa samari a ƙauyukan Adar ba su bukatar a faɗa musu haka. Amma hukuncin da ya faɗa kan ɗan saƙo ya bar mai kaya bai rage ƙwaya ko guda a kasuwa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.